Yadda Ake Koya wa Ƙananan Yara Tsira Daga Gobara

Yaro ɗan shekara huɗu in ya ga wuta ta kama labule, ɗayan biyu yake yi: ko ya tsaya ya zuba mata ido, ko ya shige ƙarƙashin gado ya yi tsit, balle in shi ne ya ƙyasta ashanar. In kuma rigar jikinsa ce ta kama, sai ya zura da gudu, gudun nan kuwa shi ke ƙara hura wutar. Haka tsoro ke yi wa ƙaramin yaro. Aikin babba shi ne ya dasa masa wani hali a madadin wannan tun ranar ba ta zo ba, ya yi ta maimaita masa har jikinsa ya riƙa yi ba sai ya tsaya tunani ba.

Na daɗe ina yin wannan darasi da yara, a aji da kuma tsakar gida, kuma na tabbatar "kada ka taɓa wuta" da tsawa ba ya wadatarwa. Yaro da gwiwa da hannu da murya yake haddace abu. Saboda haka yawancin abin da zan kawo wasa ne, amma wasan da ake nufin ceton rai da shi. Da uwa nake magana, sai dai uba, ko yaya, ko malamin Islamiyya, ko alaramma mai tsangaya, kowa na iya ɗauka ya yi.

Ya fi kyau a fara kafin sanyi ya kankama, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, don da hunturu komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, ana shigar da kaskon garwashi ɗaki, yara na kewaye murhu suna jin ɗumi. Amma gobara ba ta da wata. A Afrilun 2021 wuta ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, ta ci yara aƙalla 25, 'yan shekara biyar zuwa shida. A Fabrairun 2025 almajirai aƙalla 17 suka rasu cikin dare a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara. Allah Ya ji ƙansu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kayan da za ki tanada

- Jan ƙyalle ko ruwan goro, a yayyanka shi kamar harshen wuta, guda biyar ko shida, da salatif na manna shi a riga. In babu ƙyalle, takarda ko busasshen ganye ya isa. Kada a sa allura ko fil, tunda birgima za a yi.
- Tabarma ko darduma mai faɗi.
- Tsohon zanin gado mai duhu, ko zannuwa biyu. Shi ne hayaƙi.
- Alli, ko gawayi, ko toka, don zana layi.
- Kwalin ashana da ba ko tsinke ɗaya a ciki, laitar da gas ɗinta ya ƙare, guntun kyandir, guntun igiyar leko. Sai kayan da yaro ke wasa da su kullum: ƙwallo, 'yar tsana, kofi, cokali.
- Murfin tukunya da ludayi, ko usur, don ƙararrawa.
- Buta ko bokitin ruwa mai tsabta da moɗa.
- Tsohuwar wayar hannu da ta daina aiki.

Wuta ta gaske ba ta cikin kayan nan, kuma kada ta shigo. Wasu kan ce a bar yaro ya taɓa sau ɗaya, daga nan zai hankalta. Ban yarda ba. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, zafin da zai sa ki janye hannu kawai shi tabo zai bar masa.

Mataki na 1: Ki fara gyara gidan

Ba amfani ki koya wa yaro fita in ƙofar ba za ta buɗu ba. Ki durƙusa daidai tsayin ɗan shekara uku ki zagaya gidan a haka. Za ki ga abin da ba kya gani a tsaye: ashana a kan taga, galan ɗin kananzir a bayan ƙofa, robar lemo da aka zuba fetur a ciki, soket da ya yi baƙi, wayar hita tana lilo a bakin bokiti, dutsen guga a ƙasa a jone tun sa'ad da aka ɗauke wuta. Wannan na ƙarshe ya ƙone gidaje da yawa: an ɗauke wuta, an manta ba a kashe makunni ba, an fita unguwa, sai aka dawo da ita ba kowa. Ki mayar da ashana da laita can sama inda ko ya taka kujera ba zai kai ba. Fetur da kananzir su bar ɗakin kwana. Janareto ya zauna a fili, ban da zaure ko lungun da yake rufe, kuma ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi.

Sai maganar makulli, wadda ita ta fi damuna. Galibin tagoginmu da ƙarfe suke saboda ɓarayi, ke nan ƙofa ce kaɗai mafita. A kafa ƙusa kusa da ƙofar, makulli ya riƙa kwana a nan kullum, kowa ya san wurin ko cikin duhu. Ki sa ɗan shekara bakwai ya gwada zare sakata. In ta cije, a ɗiga mata mai ko a sauya ta. Mai hali ya kira mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa daga ciki. Kuma don Allah a daina kulle yara a ɗaki da kwaɗo ta waje a tafi biki, ko kasuwa, ko barka. In fita ta kama dole, a kai su maƙwabta.

Mataki na 2: "Na manya ne, zo ka faɗa"

Ki shimfiɗa tabarma ki zube kayan nan gaba ɗaya. Ki riƙa ɗaga su ɗai-ɗai kina tambaya: "Wannan na wasa ne ko na manya?" Ƙwallo, na wasa. Ashana, na manya. Su yara ke amsawa, ke ce ke ware kayan gida biyu. Daga nan ki zagaya da su cikin gida kuna nuna abin da ke yin zafi ko da ba a ga wuta a jikinsa ba: dutsen guga, salansar babur da aka ajiye yanzu, janareton da aka kashe, fulas ɗin shayi, tokar murhu. Toka ta fi yaudarar yara. Sama fari fat, ƙasa rushi, yaro ya taka ba takalmi.

Dokar da za su riƙe gajera ce: in ka tsinci ashana ko laita, kada ka ɗauka, zo ka faɗa. Washegari ki ajiye fankon kwalin nan a tsakar gida ki yi kamar ba ki sani ba. Wanda ya zo ya faɗa miki, ki yabe shi gaban 'yan'uwansa, ki sa masa albarka. Wanda ya ɗauka, ki karɓa cikin natsuwa ku sake gwadawa gobe.

Kuskuren da iyaye suka fi yi a nan shi ne duka. Yaron da aka zane saboda ashana ba ya daina sha'awarta, wurin ɓuya kawai yake nema: bayan katifa, ƙarƙashin gado, ɗakin kara. Ranar da ta kama kuma ba zai faɗa ba, don ya fi tsoron bulala a kan wutar. Ki gaya musu da bakinki, ki kuma cika alkawari: "Ko kai ka kunna, in ka zo ka faɗa mini da sauri, ba zan dake ka ba." Maigida ma ya faɗi haka su ji daga bakinsa.

Mataki na 3: Layin murhu

Ki zana da'ira da toka ko alli kewaye da murhu, ko kurfoti, ko risho, ko tukunyar gas, taku uku na babba daga wutar. Ƙaramin yaro ba ya ƙetare layin nan in ana girki. Ki fara gwaji ba a hura wuta ba: ki gangara ƙwallo ta shiga cikin da'irar, ki ga abin da zai yi. Abin da ake so ya ja birki a bakin layi ya ce, "Umma, ƙwallona." In kicin ɗin ƙarami ne ba wurin da'ira, dokin ƙofa shi ne layi.

Haka za a yi wa kaskon jin ɗumi da na turaren wuta. Ke ma da naki rabon: mariƙin kaskon suya ya juya ciki, tafasasshen ruwa kada a ajiye shi a ƙasa a juya baya, kuma ba a miƙa shayi ko kunu ta saman kan jariri. Ƙunar ruwan zafi da ta man suya sun fi ta harshen wuta yawa a wurin ƙananan yara.

Mataki na 4: Tsaya, kwanta, birgima

Wannan na rigar da ta kama wuta ne, kuma shi yara suka fi so. Ki fara yi da kanki su gani. Ki manna jan ƙyallen a gefen zaninki ki ce, "Wayyo, wuta ta kama ni!" Sai ki tsaya cak, ki kwanta a tabarma ki miƙe ƙafafu, ki rufe fuska da tafukan hannu biyu, ki yi birgima dama, ki dawo hagu, kina yi har ƙyallen ya fita. Za su yi dariya, ki bar su. Daga nan kowa ya yi nasa, sauran na tafi suna rera "Tsaya! Kwanta! Birgima!" Ki riƙa sauya wurin da kike manna ƙyallen: yau a baya, gobe a hannun riga, jibi a bakin hijabi.

Dalilin da za ki ba su bai wuce jimla biyu ba. Wuta iska take ci, shi ya sa ake yi wa gawayi fifita. In ka gudu fifita kake yi mata, in ka danne ta da ƙasa sai ta mutu. Rufe fuska kuma don wuta sama take bi, ana kare ido da hanci da baki.

Ki lura da waɗannan. Akwai mai juyi ɗaya ya miƙe; ki mayar da shi, sai "wutar" ta fita ake tashi. Akwai mai neman tabarma kafin ya kwanta. Shi ya sa bayan kwana biyu za ki janye tabarmar a yi a kan siminti da kan yashi, ya san ko'ina ake kwanciya. Akwai kuma wanda zai haɗa darasin da komai, ya ga hayaƙi ya kwanta birgima, ya ƙone yatsa ya kwanta birgima. Ki riƙa jefa musu tambaya: "In ɗaki ya cika da hayaƙi, birgima ake yi?" Su ce a'a. "In riga ta kama fa?" Su ce e.

'Yan mata sai an ƙara musu lokaci. Dogon hijabi da gyale da doguwar riga su ke fara lasar wuta in an sunkuya a murhu, yadin roba kuwa narkewa yake ya manne a fata. Yarinyar da ta fara taya girki ta cire hijabi, ta ɗaure zani tamau, ta sa kayan auduga. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa ya kama wuta, ya daka masa tsawa "Kwanta! Birgima!", ya ƙwala wa babba kira, ya watsa masa ruwa in yana kusa, ko ya lulluɓe shi da bargo mai kauri. Ban da fifita, ban da leda ko zanin roba. Ɗan ƙasa da shekara uku ba zai iya wannan ba, ke ce za ki kwantar da shi ki lulluɓe.

Mataki na 5: Hayaƙi, rarrafe da ihu

A gobarar cikin ɗaki hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, balle in katifar soso ko kujerun kushin ne ke ci. Hayaƙi mai zafi sama yake taruwa, iskar da ta fi dama tana ƙasa. Manya biyu su riƙe zanin gadon nan ta gefe-gefe daidai ƙugu suna kaɗa shi, yara su bi ta ƙarƙashi da rarrafe, hannu da gwiwa, kai a ƙasa, har bakin ƙofa. Duk wanda kansa ya taɓa zanin ya koma ya sake. A hankali ki riƙa sauke zanin. In ke kaɗai ce, ki ɗaura gefe ɗaya a ƙarfen taga ko ki shimfiɗa shi a kan kujeru biyu.

Suna rarrafe suna ihu: "Gobara! Gobara!" Ki bar su su buɗe murya sosai, amma ki sanar da maƙwabta tukuna kada a firgita unguwa. Yaran da aka saba ce wa su yi shiru gaban manya sukan ji nauyin ihu, sai kin nuna musu a nan an yarda.

Sannan ki bi ɗakin da su wuri-wuri. "Ƙarƙashin gado wurin tsira ne?" A'a. "Cikin durowar kaya?" A'a. "Banɗaki?" A'a. "Bayan ƙofa?" A'a. "To ina?" Waje! Wannan tambaya da amsa ki mayar da ita kamar karatun allo, don ɓuya ita ce ke sa a fitar da kowa a rasa yaro ɗaya.

Ɗan shekara shida zuwa sama ki ƙara masa duba ƙofa. In a rufe take, ya taɓa ta da bayan hannu. In da zafi, ko hayaƙi na shigowa ta ƙasanta, kada ya buɗe. Ya toshe ƙasan da zani, jiƙaƙƙe in da ruwa, ya je taga ya yi ta ihu yana kaɗa wani ƙyalle har a gan shi.

Mataki na 6: Hanyar fita da wurin haɗuwa

Ki zana taswirar gidanku a ƙasa da gawayi: ga ɗakin Umma, ga na yara, ga kicin, ga zaure. Kowane yaro ya bi da yatsa daga shimfiɗarsa zuwa waje. In da hanya ta biyu, kamar ƙofar baya ko gajeriyar katangar maƙwabta, a nuna ta. Sai ku zaɓi wuri ɗaya a waje, nesa da gidan kaɗan kuma ba a kan titi ba: gindin dalbejiyar ƙofar gida, dakalin maƙwabci, ko bakin masallacin layi. Wuri ɗaya tak, ba a sauya shi. Amfaninsa a ƙirga kai; sau da yawa uwa kan afka cikin wuta neman yaron da tuni ya fita ya bi wani lungu.

A raba aiki tun yanzu. Wa zai ɗauki jariri, wa zai kama hannun Kaka, wa zai tada mai nauyin barci. Wannan na manya ne da 'yan sama da shekara goma. Ƙaramin yaro kansa kawai zai fitar. A gidan da yake da sassa da yawa, a zauna da matan gida duka a yi magana ɗaya, kada yaran wannan ɗaki su ji daban, na wancan su ji daban.

Yanzu gwaji. Kowa ya kwanta a wurin kwanansa kamar mai barci. Ki buga murfin tukunya kina "Gobara!" Su sauko, su rarrafa, su fita, su taru a wurin haɗuwa, ki kira suna ɗai-ɗai kowa ya amsa. Abin da ake nema kowa ya fita cikin minti biyu. In sun ƙware da rana, a yi bayan sallar isha'i da fitila a kashe, amma ki gaya musu za a yi. Tada yaro daga barci da ihun gobara ba sanarwa firgita shi kawai zai yi. Wata rana ki ajiye jan ƙyallen a bakin ƙofar da suka saba bi, ki ga ko za su tuna hanya ta biyu.

Akwai jarrabawar da nake yi a ƙarshe. Bayan an taru sai in ce, "Af, Ummi, 'yar tsanarki tana ciki!" ko "Sadiku, ka bar takalmin Sallarka!" Kusan kullum sai wani ya juya zai koma. Nan ake kama hannunsa a ce: wanda ya fita ya fita. Ba a komawa don takalmi, ko allo, ko jakar makaranta, ko akuya. Ko ƙaninka ne ba ka gani ba, babba za ka gaya wa.

Mai hali ya sayi na'urar nan mai batir da ke ƙara in ta ji hayaƙi, a kafa ta a silin kusa da ɗakin kwana, a danna ta yara su san kukanta.

Mataki na 7: Neman taimako

Ƙarami aikinsa ya ruga wurin babban da ya fi kusa. Ɗan shekara bakwai zuwa sama ya haddace lamba: a Najeriya 112, kiran kyauta ne, a Nijar 18 ce ta 'yan kwana-kwana. Ki nemi lambar ofishin kashe gobara na garinku ki rubuta a bango da manyan baƙaƙe, tare da ta maigida. Ki ba yaro tsohuwar wayar, ke ki zama ma'aikaci: "Ina ne? Me ya faru? Akwai mutum a ciki?" Ya iya faɗin sunan unguwa, da layi, da sunan maigidan, da wata alama kamar masallaci, makaranta ko gidan mai. Daga waje ake kira, bayan an fita. Ki kuma ja musu kunne cewa ba a kiran lambar nan da wasa.

In da hali ki nuna musu hoton ɗan kwana-kwana cikin cikakkun kayan aikinsa, da hular kwano da abin rufe fuska. Yaron da bai taɓa gani ba yana iya ɗaukarsa dodo ya ƙara shigewa lungu. Makaranta na iya rubuta wa hukumar kashe gobara ta jiha ta nemi a kawo wa yara ziyara.

Mataki na 8: In an ƙone, ruwa

Ki ɗauko 'yar tsana ki ce ta ƙone a hannu. Yaro ya riƙe ta, yana zuba mata ruwa da buta a hankali, yana kiran babba. Abin da zai riƙe ke nan: ruwa, sannan faɗa wa Umma.

Sauran naki ne. Ruwa mai sanyi na famfo ko na randa, ana kwarara shi a kan ƙunar har minti 20. Yana da tsawo, ki duba agogo, don yawanci minti biyu ake yi a gaji. In ruwan kaɗan ne, ki tara kwano a ƙasa kina maimaita shi, ko ki tsoma wurin a ciki kina sauyawa. Ban da ƙanƙara. Ki cire zobe, awarwaro da duk abin da zai matse kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne a fata kada a ɓanɓare ta. Sauran jikin yaron a rufe shi kada sanyi ya kama shi, musamman jariri da hunturu. Bayan nan a rufe ƙunar da tsabtataccen ƙyalle marar gashi ko sabuwar leda, sakwa-sakwa.

Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko baƙin mai, ko gishiri, ko ƙullun koko, ko toka. Na san da kyakkyawar niyya ake kawo su, kowace maƙwabciya da nata, amma suna riƙe zafi, suna shigar da ƙwayoyin cuta, kuma sai an wanke su a asibiti yaro na kuka. In ta ɗuri ruwa kada a fasa. A tafi asibiti in ƙunar ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko tana fuska, wuya, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta yi fari ko baƙi, ko ta lantarki ce, ko jariri ne, ko yaron ya shaƙi hayaƙi.

Mataki na 9: Ƙarin darasi ga 'yan shekara goma zuwa sama

Su ne ake aika su kunna risho, su sayo fetur, su kula da ƙanne, don haka sai an buɗe musu bayani. In mai ya kama wuta a kaskon suya, ba a zuba ruwa, tashi zai yi ya watsu. A rufe da murfi, a kashe wutar ƙasa, kada a ɗauki kaskon. Ki sa su gwada zura murfi daga gefe a kan kasko mai sanyi. Gobarar da ta tashi daga lantarki ma ba a zuba mata ruwa. A nuna musu babban makunnin gida. In an ji warin gas, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin fitila, a buɗe ƙofa da taga, a fita a kira babba. Ba a ƙara wa risho ko fitila kananzir suna ci, ba a hura gawayi da fetur. Bokitin yashi ya zauna kusa da kicin. Duk wutar da ta wuce bakin tukunya ta fi ƙarfinsu, fita za su yi.

Su san cewa garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, haka ma hayaƙin janareto. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Wanda ya ji haka ya fita ya tada kowa.

Samari kuma a yi musu maganar tankar mai ƙarara. A Oktoban 2024 tanka ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa, mutane suka taru kwasar fetur, ta fashe, fiye da mutum 150 suka rasu. In tanka ta faɗi, ba a zuwa ɗiba, ba a zuwa kallo, nesa ake yi. Haka kuma a hana su cinna wa bola ko ciyawa wuta don farautar gafiya. Da iskar hunturu, kafin a ankara ta kai danga da rumbu.

Mataki na 10: Zagayen dare da maimaici

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Annabi (SAW) labari sai ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Ki karanta wa yara wannan, sannan ki mayar da shi aikin kowane dare. Kafin addu'ar barci ku zagaya tare, kowane dare da yaron da zai zama "mai duba gida". Shi yana nunawa, ke kina kashewa: murhu an yayyafa ruwa, kasko ya fita waje, kan tukunyar gas a rufe, kyandir a kashe, hita da dutsen guga da cajar waya a zare, igiyar leko a kan ƙarfenta cikin faranti nesa da katifa da gidan sauro, makulli a ƙusarsa, ba kaya a hanyar ƙofa. In ana iya sayen tocila ko fitila mai caji, kyandir ya bar ɗakin yara gaba ɗaya.

Kada ki haɗa matakan nan a yini ɗaya. Minti goma ya ishi ɗan shekara uku zuwa biyar, mataki ɗaya a zama ɗaya, kuma na 2 zuwa na 6 ne nasu. In kin ga yaro ya tsorata, yana mafarki ko yana maƙale miki, ki dakata kwana biyu, ki bar ba shi labarin waɗanda suka ƙone, ki tsaya kan abin da zai yi. Hotunan gawa da na ƙuna da ke yawo a waya ba kayan koyarwa ba ne.

A aji ko tsangaya tsarin ɗaya ne, sai ƙari kaɗan: yara su fita a layi ba turereniya, babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, a kira suna daga rajista a wurin haɗuwa. Ɗakin kwanan almajirai kada a kulle shi ta waje, karan da ake tarawa don wutar karatu a jibge shi nesa da inda ake kwana, a kuma tabbatar wutar ta mutu kafin a watse. Ajin zana ko na kara a yi masa mafita biyu.

A gida, gwajin fita a yi shi farkon sanyi, a sake a tsakiyarsa, a kuma yi duk sa'ad da aka sauya gida ko aka sauya wa yara ɗaki. In an kawo ɗan riƙo, ko 'yar aiki, ko yara sun zo hutu, a daren farko a nuna musu ƙusar makulli da wurin haɗuwa. Ki bar yaranki su yi musu bayanin da kansu, ke kina gefe kina gyara inda suka tsallake.